Wai ta yaya ake gane gefen da bakin tankin mota yake ba sai an fito an duba ba?

Sabuwar_Direba

Salam jama'a, dan Allah kar a min dariya, ko da yake ni ma sai da na yi wa kaina dariyar bayan na koma gida. Ban fi wata bakwai da fara tuƙi ba, kuma tun da na fara mota ɗaya nake ja, tawa, bakin tankinta yana hagu wato gefen da nake zama. Na saba har ba na ma tunani, in na shiga gidan mai kawai in sa famfo ya zama ta gefena shikenan. To jiya tawa tana gareji sai yayana ya ara min tasa, ya ce ba mai sosai a ciki in tsaya in sha a hanya. Na bi layi na jira motoci kusan shida, da aka zo kaina na gyara fakin tsaf yadda na saba na kashe mota, sai na ga mai zuba man ya tsaya riƙe da tiyo yana kallona ina kallonsa, can ya ƙwanƙwasa gilas ya ce Hajiya ai tankin naki yana ɗaya gefen. Wlh ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ga na baya ya matso har ya kusa taɓa min bamba, ga na gaba bai tashi ba, ba halin ribas ba halin gaba, na bayan nan sai danna min oda yake kamar ni na ƙera motar. Da ƙyar aka buɗa min na fita na zagayo na sake bin wani layin tun daga farko.

Kuma bai ƙare a nan ba fa, da na zo daidai ɗin sai na shiga laluben liba a ƙasan kujera don in buɗe murfin, na laluba na laluba babu, ashe ita wannan daga waje ake danna marfin ya buɗe da kansa.

Shi ne nake tambaya, akwai wata hanya da mutum zai gane gefen tun yana zaune a ciki? Kuma wai me ya hana masu ƙera motoci su haɗa kai su sa shi a gefe ɗaya kowa ya huta? Ni dai ban ga amfanin wannan rarrabuwar ba.

Dan_Gaggawa

Hhhh sannu Hajiya, ba ke kaɗai ba ce, ba direban da bai taɓa shan wannan kunyar ba sai dai in ya ɓoye. Kalli gejin mai a dashbod, za ki ga ɗan hoton famfon gidan mai, a jikinsa akwai wata 'yar mitsitsiyar kibiya mai kusurwa uku. Inda tsininta ya nuna nan bakin tankin yake. Ta nuna dama yana dama, ta nuna hagu yana hagu. Magana ta ƙare.

Bakin_Ganga

ni kuma abinda wanda ya koya min mota ya fada min shine ka duba hoton famfon kanshi, gefen da aka zana tiyon ya fito to nan tankin yake, a motata dai haka yake kuma bai taba bani kunya ba

Mai_Sifana

Bakin_Ganga yi haƙuri ɗan'uwa, wannan maganar ta tiyon hoto ba gaskiya ba ce, dace kawai ka yi a motarka. Hoton famfon nan alama ce da kamfanoni suke sawa kusan iri ɗaya, galibi tiyon a dama ake zana shi ko tankin yana ina. Shekaruna a gareji sun fi ashirin, na ga motoci ba adadi da tiyon hoton yake dama tankin yana hagu. In ka biye wa wannan wata rana za ka sha irin ta Hajiya. Kibiyar ita ce abin dogaro, in kuma tsohuwar mota ce da ba ta da kibiya to babu wata dabara, kafin ka shiga ka zagaya ta ka gani da idonka, ko ka ja libar tun kana nesa ka leƙa madubin gefe ka ga inda marfin ya ɗago.

Abu ɗaya kuma da yake rikita mutane, in aka ce hagu ko dama a mota ana nufin kana zaune a kujera kana kallon gaba. Sau nawa mutum zai kira ni a waya ya ce fitilar dama ta mutu, in sayo in zo in tarar ta hagu ce, don shi a gaban motar ya tsaya yana fuskantarta lokacin da yake magana.

Yanzu tambayarki ta biyu ƙanwata. Babu wata doka da ta ce sai a gefe kaza, kowane kamfani da tsarinsa, har a kamfani ɗaya ma za ki ga wannan samfurin hagu wancan dama. Amma ba haka kawai suke jefa shi ba. Tankin yawancin ƙananan motoci yana ƙarƙashin kujerar baya ne, a gaban tayoyin baya, an ɓoye shi a nan don in aka daki mota ta baya kar ya fashe. Daga tankin akwai bututun da zai hau har zuwa inda ake zuba man, kuma dole ya samu hanyar da zai bi bai haɗu da salansa ba, don salansa zafi take yi ba na wasa ba, ga shokozoba ga wayoyi ga layin birki duk suna neman wuri a ƙasan nan. Shi ya sa in kika lura a motoci da yawa in salansa ta fito ta dama to bakin tanki yana hagu, in ta fito ta hagu yana dama. Ban ce duka ba, masu salansa biyu sun ɓata lissafin, amma ki gwada dubawa a motocin da ke kan titi za ki sha mamaki.

Sai kuma dalili na biyu wanda ni ya fi burge ni. Motocin Jamus, Mercedes, BMW, Volkswagen, Audi, kusan duk a dama suke sa shi. Na Japan kuma irin su Toyota da Honda galibi hagu. In kika kalla sai ki ce sun saɓa, alhali tunani ɗaya ne. A Jamus ta hannun dama ake tuƙi, gefen titi yana dama, to in mai ya ƙare wa mutum a babbar hanya ya sauka gefe zai zuba da jarka, yana tsaye ne ta wajen daji ba ta wajen da motoci suke wucewa a guje ba. A Japan ta hannun hagu ake tuƙi sitiyari yana dama, gefen titinsu hagu ne, sai suka sa shi hagu. Da suka zo ƙera na fitarwa ƙasashen da ake tuƙi ta dama sai suka mayar da sitiyari hagu amma tanki suka bar shi inda yake, don sauya masa wuri sai an sake tsara ƙasan motar da bodin baya gaba ɗaya, kuɗi ne mai yawa a kan abin da bai hana mota tafiya ba. Shi ya sa naki ya faɗo gefen direba. Ina kyautata zaton taki 'yar Japan ce ta yayanki kuma 'yar Jamus, don wannan marfin da ake dannawa daga waje ma halinsu ne, yana haɗe da santiral lok, in motar a kulle take ko ki danna har gobe ba zai buɗe ba.

Amma kar a riƙe shi kamar karatu, Subaru 'yar Japan ce kuma yawancin nata a dama suke, Nissan kuma kowanne gefe za ki samu.

ƊanBoko_Mai_Gilas

Bari in ƙara da tarihin kibiyar tunda an taɓo ta, don labarinta kusan irin na Hajiya ne. Wanda ya kawo shawarar sunansa Jim Moylan, ma'aikacin kamfanin Ford ne a Amurka, ɓangaren tsara cikin mota. A 1986 ya ɗauki motar ofis wadda ba tasa ba zai je taro, ana ruwan sama, ya tsaya shan mai ya yi fakin a gefen da ba shi ba, kafin ya gyara ruwa ya jiƙa shi. Da ya koma ofis sai ya rubuta 'yar takarda ya miƙa wa shugabanninsa cewa a riƙa sa alama kusa da gejin mai. Aka karɓa, ta fara fitowa a motocin kamfanin samfurin 1989, daga nan sauran kamfanoni suka kwaikwaya har ta zama ruwan dare. Har yau da sunansa wasu suke kiranta, kibiyar Moylan. Kin ga shi da ruwa ya dake shi bai tsaya jin kunya ba lol.

Kuma ki gode Allah ba a zamanin da kika fara tuƙi ba, don can ɓoye shi ma ake yi saboda ado. Motocin Amurka da yawa na shekarun 1960 da 1970 a bayan lambar mota ta baya yake, sai ka janyo lambar ƙasa ka gan shi, wannan kam ko ta wane gefe ka tsaya daidai ne, sai dai wurin yana da hatsari in aka daki motar ta baya shi ya sa aka daina. Chevrolet ta 1956 a cikin danjar baya ta hagu yake, sai an murɗa wani ƙarfe danjar ta buɗe. Tsohuwar Volkswagen Beetle kuma tunda injinta a baya yake, tankin yana gaba, kuma na farko-farkon sai an ɗaga bonet ɗin gaba kafin a zuba mai. Jaguar XJ6 ta da tanki biyu gare ta, ɗaya hagu ɗaya dama, kowanne da bakinsa.

Har motocin lantarki ba su tsira ba, Tesla wurin cajinta yana baya ta hagu, Nissan Leaf ta farko a hancinta yake.

Sabuwar_Direba

Innalillahi, yanzu na fita da fitilar waya na duba ta yayan nawa, ga kibiyar nan ɓaro-ɓaro tana nuna dama. Na kira garejin na ce a ɗauko min hoton dashbod ɗin tawa, ita ma akwai, tana nuna hagu. Wata bakwai ina kallon gejin nan kullum safe da yamma ban taɓa ganinta ba, ko na gani na ɗauka ado ne oho. Malam Mai_Sifana ka canka daidai, tawa 'yar Japan tasa 'yar Jamus, Allah ya ƙara basira. Na gode ƙwarai.

Dogon_Zango

'Yata ni abin da ya ba ni haushi a labarinki ba kuskuren ba ne, fitar da kika yi daga layi ne. Da kin zauna abinki. Tiyon gidan mai yana da tsawo, ƙaramar mota irin wannan in kika matsa jikin famfo sosai kika ɗan wuce gaba yadda bayan motar zai yi daidai da famfon, tiyon zai zagayo ta bayan but ya kai ɗaya gefen lafiya lau. Ni shekara talatin ina kan hanya, motoci iri-iri sun bi ta hannuna, in na ga layin gefena ya yi tsawo ɗaya gefen ba kowa, can nake tafiya in sha in wuce in bar su suna jira. Mai zuba man nan ko dai sabo ne ko ƙyuya ce ta hana shi, ko kuma ya ga mace ce ya ce bari ya wahalar da ke.

Kuma masu cewa a haɗa duk a gefe ɗaya, ku yi tunani, famfo baki biyu gare shi, mota ta nan mota ta can. In duk duniya tanki a hagu yake kuma kowa ta ƙofa ɗaya yake shigowa, ai rabin famfunan zaman banza za su yi, layi ya ninka. Rarrabuwar nan da kike ƙorafi a kai ita take rage miki jira.

Mai_Sifana

Baba Dogon_Zango girmanka ne, maganar tiyo gaskiya ce yana kaiwa a ƙaramar mota, amma a jif ko bas ba kullum ba, kuma ni ba na ba sabon direba wannan shawarar. Na farko tiyon yana gogar fenti, duk ƙasar da ya kwasa a ƙasa a jikin but zai shafe ta. Na biyu in an ja shi ya miƙe tsam, kan nozul ɗin, wato ƙarfen bakin tiyon, a karkace yake shiga ko ma a kife, kuma wannan abin da yake sa ya katse da kansa in tanki ya cika yana son ya zauna daidai. Wani ɗan ƙaramin rami ne a bakin nozul ɗin da yake zuƙar iska yayin da mai yake zuba, da zarar mai ya taso ya toshe ramin sai ya yi ƙas ya tsaya. In ya zauna a karkace ko dai ya yi ta katsewa tanki bai cika ba, ko ya makara mai ya yi ambaliya a jikin mota. In an matsu a yi, amma a tsaya a kai ana kallo.

Maganar rage layi kuma Baba, amfani ne da ya faɗo a kai amma ban yarda don shi aka yi ba, injiniyan da yake neman inda zai bi da bututu ba layin gidan mai ne a gabansa ba.

Tunda an zo nan bari in faɗi wanda ya fi damuna, don shi ne yake kawo min motoci. In nozul ya yi ƙas ɗin nan na farko, a tsaya. Wannan ɗabi'ar ta a ƙara kaɗan, a girgiza mota a ƙara, har sai an ga mai a baki, ɓarna ce. An bar sarari a saman tanki da gangan saboda fetur yana kumbura in ya ji zafi, kuma akwai wani gwangwani mai gawayi a ciki da aikinsa shi ne ya riƙe tururin fetur ya mayar wa inji ya ƙone. Tururi aka yi shi ya sha ba ruwan mai ba, in aka cika har wuya mai yana gangarawa cikinsa ya jiƙa gawayin, daga nan sai warin fetur, sai mota ta riƙa wahalar tashi bayan an sha mai, sai wutar cak injin. Haka murfin ciki, a murɗa shi har sai an ji ya yi ƙara ƙat ƙat. Sau da yawa mutum zai zo hankali a tashe wuta ta kama a dashbod, in sa kwamfuta ta nuna P0455 ko P0457, lambobin da suke nufin tururin fetur yana yoyo, in je in duba in tarar murfi ne ba a ɗaure ba ko robarsa ta tsage. Wasu sababbin ma, kamar Ford da yawa, ba su da murfin ciki sam, nozul ɗin ne yake tura wani ɗan ƙyaure ya shiga, irin waɗannan in za a zuba da jarka sai da mazurarin da ya zo da motar, yana cikin but wajen safaya taya.

Uwar_Biyu

'Yar'uwa ni da kika ce motar aro gabana ya faɗi, na ɗauka irin tamu ce ta same ki. Gefen tanki ai kunya ce ta minti biyar. Maigidana ya taɓa karɓar motar abokinsa, bai tambaya ba shi ma abokin bai faɗa ba, ya je ya sa aka ɗura mata fetur ashe dizal take sha, ko kilomita biyu bai yi ba ta fara jijjiga tana hayaƙi ta mutu a tsakiyar titi. Abin da aka kashe a gyaran ba ya faɗuwa, abotar ma sai da ta yi tsami na ɗan lokaci. Tun daga ranar duk motar da ba tawa ba in na buɗe marfin sai na karanta abin da aka rubuta a cikinsa, ana rubutawa a jikin marfin ko a kan murfin.

Mai_Sifana

Wannan ita ce babbar, Hajiya Uwar_Biyu. Kuma kusan kullum ta wannan fuskar take faruwa, fetur a motar dizal, saboda nozul ɗin dizal ya fi kauri, wajen milimita 24 zuwa 25, na fetur kuma wajen 21, to na dizal ba ya shiga bakin motar fetur ta zamani amma na fetur zuruf yake shigewa na dizal. Shi dizal yana da maiƙo, shi yake shafa wa famfon da yake tura mai da ƙarfi zuwa injekta, fetur kuma wanke maiƙon yake yi, ƙarfe ya ci ƙarfe, garin ƙarfen ya bi layi ya shiga injektoci. In aka farga tun a gidan man, kar a tayar, kar ma a murɗa makulli wutar dashbod ta kawo, don a motoci da yawa da ka murɗa famfon cikin tanki ya fara tura mai. A sa ta a firi a tura ta gefe a kira bakanike ya zuƙe tankin, shikenan an tsira da kuɗin mai kawai. Tayarwar nan ita ce take mayar da ƙaramin aiki babba.

Dogon_Zango

To Mai_Sifana na ji, amma ni dai fentin motata bai taɓa kawo min ƙara ba hhh. Abin da zan ƙara a kai shi ne kashe inji lokacin shan mai, da kuma jarka, a sauke ta ƙasa kafin a zuba mata, kar a cika ta tana cikin but ko a bayan a-kori-kura kan roba, tartsatsi ɗaya ya isa. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya ba ka ganinsa.

Sabuwar_Direba

Allah ya saka da alheri baki ɗaya, na karanta wa yayana na Uwar_Biyu ya ce tasa fetur ce in kwantar da hankalina, wai kuma da na tambaye shi gefen da tun farko da ya faɗa min, shi ma bai san da kibiyar ba sai yau, shekararsa tara da motar. Malam Mai_Sifana saura abu ɗaya, in santiral lok ɗin ya ƙi aiki ko batir ya mutu marfin ya ƙi buɗewa fa, ya ake yi?

Mai_Sifana

Buɗe but ki duba bangon ciki ta gefen da tankin yake, a yawancinsu akwai ɗan murfi ko kafet da ake janyewa, a bayansa za ki ga wata 'yar igiya ko roba mai launi, ki ja ta a hankali wani ya danna marfin daga waje. Ba kowace mota take da ita ba, littafin motar zai nuna miki in akwai. Kar dai ki bari a sa masa sukudireba a ɓanɓare, ƙugiyar roba ce, in ta karye marfin haka zai yi ta lilo a hanya.